Rodin da Na Bar Miki a Kan Rufi

Jayuya, Puerto Rico
2 ga Yuni

Zuwa ga yayata Migdalia,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'ya'yanki da jikoki a can Hartford ta Amurka. Yaya ciwon gwiwa? An ce min har yanzu a hawa na uku kike, ban san yadda kike fama da matakala ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara huɗu. Waya ba kya ɗauka in kin ga lambata, shi ya sa na koma takarda. Kafin in faɗi abin da ya kawo ni, ina so ki tuna wane ne ke rubuto miki, kada ki ɗauka roƙo na zo.

Ni Heriberto na bar makaranta a aji uku na sakandare, ba ni da komai sai hannuna biyu. Walda ba wanda ya zaunar da ni ya koya min, da kallo na koya, da ƙuna. Na buɗe shago a bakin titi da injin da na tsinta a bola na gyara. Yau ki zaga Jayuya, duk ƙofar ƙarfe ko ƙarfen taga da kika gani a miƙe, bakwai cikin goma aikina ne. Gidan da nake ciki ni na haƙa harsashinsa, ni na ɗora bulo ɗaya bayan ɗaya ranakun Lahadi bayan an taso daga coci, ni na zuba masa rufin kankare. Guguwar María ta kwashe kwanon unguwar nan kaf, rufina ko tsagewa bai yi ba, mutum goma sha tara suka fake a falona. Muka yi wata tara ba wuta, ban tsaya a layin karɓar komai ba. Na aurar da 'yata, na binne iyayenmu. Banki bai san fuskata ba, gwamnati ba ta taɓa ba ni ko ƙusa ba.

To ga magana. Matata Iraida ba ta da lafiya, huhunta ne. Tun Janairu likita ya ɗora ta a kan injin oksijin, wani akwati mai ƙugi da ke tsaye gefen kujerarta, da siririn tiyo zuwa hancinta. Da wuta yake aiki. Kin kuwa san wutar ƙasar nan, ba ta gyaru ba sai ma abin da ya ƙaru. Ba a sati ba a ɗauke sau biyu ko uku ba, ko da sama garau take. Ina da janareta, akwai kuma tukunyar oksijin guda ɗaya ta ko-ta-kwana, wadda ke kai awa huɗu. Jiya aka shiga watannin guguwa.

Gwamnati ta fito da wani tallafi. Gidan da ke da majinyaci irin wannan za a sa masa farantan sola a rufi da babban batir, su biya kaso mafi yawa, mai gida ya cika sauran. Sauran yana hannuna, ba shi ne damuwa ba. Takarda ce damuwar, suna son shaidar mallakar gida. Na je ofishinsu da rasit ɗin siminti na shekara talatin a cikin leda, da takardun kuɗin wuta duk da sunana. Matar da ke wurin ta juya su, ta kira ni da "Don" ɗinmu na girmamawa, ta ce, "Don Heriberto, wannan ya nuna ka sayi siminti, bai nuna filin naka ne ba." Na ce mata duk garin nan ya san gidan wa ne. Ta ce ai kwamfutarsu ba 'yar garin nan ba ce.

Na yi wa lauya bayani cewa filin na mahaifinmu Baba Eleuterio ne, mu biyu ya bari. Ya ce in haka ne dole ki sa hannu kafin a juya shi da sunana. Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, na yi alama da jan biro inda za ki sa. Ƙarshen Yuli za su rufe karɓa.

Ba kyauta nake nema ba, Yaya. Abin da na gina da gumina nake so a rubuta cewa nawa ne.

Da Iraida ta san na rubuto da ta ce in gaishe ki.

Ƙanenki,
Heriberto Maldonado Quiñones


Jayuya
27 ga Yuni

Yaya Migdalia,

Gaisuwa irin ta ƙane ga yayarsa. Ina fata kina lafiya, gwiwa ta yi sauƙi, yara duk suna nan ƙalau. Kullum sai na leƙa gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza min kai tun daga nesa. Ban ga amsarki ba. Ban ce kin yi laifi ba.

Ranar Alhamis da ta wuce, wajen ƙarfe ɗaya na rana, aka ɗauke wuta. Na rufe shago na taho a guje. Na ja janareta, ya yi tari sau biyu ya mutu. Na ja, na ja, har igiyar ta tsinke a hannuna. Na ɗora Iraida a kan tukunya, na zauna a ƙofar kicin ina kwance janaretan, ina duba ƙarfe ina duba allurar ma'aunin tukunyar tana sauka. Yaya, ban taɓa sanin allura tana da gudu haka ba. Kafin ƙarfe biyar ta kusa taɓa ja. Iraida ba ta yi ƙorafi ba, sai dai na ga duk numfashi sai ta ɗaga kafaɗu, leɓenta ya fara canza launi. Abin da ta iya ce min kawai shi ne, "Tsoho, bar ƙarfen nan, kai ni gidan Chago."

Kin tuna Chago na tsallaken rafi, abokina na wasan domino. Shi yana da sola da batir shekara biyu ke nan. Na ɗauke ta, ita da injin, na sa a mota na haye gada. Yana hango ni ya fara: "A'a! Yau wace rana? Mai rufin kankare da kansa ya zo aron wuta gidan mabarata?" Sai idonsa ya kai kan fuskarta. Bai ƙarasa dariyar ba, ya fizge filogin firjinsa ya sa namu. Wuta ba ta dawo ba sai washegari da hantsi.

Kalmar mabarata tawa ce, dawo min da ita ya yi. Ga abin da ban faɗa miki ba a waccan takarda. Shekara biyu da suka wuce tallafin nan har gida ya same ni. Wata ma'aikaciya ta zo da fom, lokacin ba sa neman takardar fili, rantsuwa kawai za ka yi a gaban lauya cewa gidanka ne. Na ce mata ta kai wa mabarata. Chago ya cike nasa a kan teburin domino ina yi masa dariya. Bara suka sake buɗewa, sun rage kason. Lokacin Iraida ta fara tari, ta ce mu shiga. Na ce ba na son sunana a jerin masu karɓa, zan saya da gumina. Na yi ta tarawa, kuɗin batir yana ta yin gaba yana barina a baya. Bana suka buɗe na uku da dokar takardar fili, kuma sun ce daga Agusta za su cire batir daga tallafin. Sola ba batir kuwa, in an ɗauke wuta ita ma mutuwa take. Duk sanda suka buɗe, ƙofar sai ta ƙara tsukewa, ni kuma ina tsaye a bakinta ina hura hanci.

Za ki ce ai ga gidan Chago. Yaya, lokacin María kwana tara gadar nan tana ƙarƙashin ruwa. Tukunya awa huɗu take yi. Wannan lissafin nake yi ko ina tsakar walda, shekaranjiya har na ƙona babban yatsana kamar sabon shiga.

Sai maganar rodi. Injiniyar kamfanin da zai yi aikin, wata mai suna Yaritza, ta hau rufi da abin awo. Tana leƙa kai ta ce, "Don Heriberto, wannan rufi ne ko gonar rake?" Fila takwas ne, wato ginshiƙan gidan, kowace da rodi huɗu a tsaye sun fi tsawon mutum. Ta ce ba inda za a shimfiɗa faranti, kuma inuwarsu kaɗai za ta cinye rabin wutar. Dole a yanke.

Kin san na wane ne. Ranar da muka zuba rufin, Baba ya tsaya a ƙasa da kofin kofi a hannu yana min ihu kada in kuskura in yanke rodin nan, in sanyi ya ishi Migdalia ta dawo ta ɗora nata gidan a sama. Kowa a tsibirin nan haka yake barin rodi, wasu har su mutu ba a ɗora komai ba, tsatsa ta cinye. Nawa ba tsatsa. Duk Janairu, bayan bikin Sarakuna Uku da ke rufe hidimar Kirsimeti, sai na hau na goge su na shafa jan fenti, na kifa wa kowane kwalbar roba a ka don ruwa. Har shekarun nan huɗu ban fasa ba. Ban taɓa faɗa miki ba.

Na san abin da na faɗa ranar jana'izar Mama, a gaban mutane, cewa wanda ya gudu ya bar ƙasa ba shi da ko taki ɗaya a filin nan. Na faɗa. Ba zan ce ban faɗa ba. Amma Iraida ba ta faɗa ba, ita ta ja min riga lokacin.

Saura kwana talatin da huɗu. Ki sa min albarka, Yaya, kamar yadda muka saba tun muna yara. Na san na daɗe ban nema ba.

Ƙanenki,
Heriberto


Jayuya
18 ga Yuli

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da kowa na gidan. Allah ya sa kina lafiya. Saƙonki ya iso ranar Litinin. Yau Alhamis, sai yau na iya zama in rubuto miki.

A tsaye na buɗe ambulan a ƙofar gidan waya. Na ga takardata ta dawo ba ki sa hannu ba. Sai na ga wata tsohuwar takarda mai hatimi a bayanta, da izinin yin aiki a gidan da kika sa wa hannu, da layinki uku: "Berto, filin da sunana yake tun 1999. Baba ya hana in faɗa maka. Yanke rodin, bar matarka ta yi numfashi."

Na zo gida ina huci, na ajiye wa Iraida a cinya, na ce ta ga abin da aka ƙulla min. Ta karanta a hankali, ta gyara tiyon hancinta ta ce, "Tsoho, zauna. Kowa ya sani, kai kaɗai ne ba ka sani ba." Mama ce ta faɗa mata. Wai shekarar da iska ta kashe wa Baba gonar kofi, ashe ya riga ya jinginar da filin, har da inda gidana yake tsaye. Saura kaɗan a sayar. Ke kika fanso shi, da aikin wanki da kike yi a asibiti, aiki biyu a rana, shekara uku. Wai Baba ya ce in Berto ya ji ko dai ya kashe wani ko kunya ta kashe shi, gara a bar shi da girman kansa tunda shi kaɗai ya mallaka. Na ce ƙarya ne Baba bai faɗi haka ba. Ta ce to wa ya san ni kamar shi.

Shekarun nan na tuna su. Su ne shekarun da ba ki zo Kirsimeti ba, nake cewa ƙasar sanyi ta sa kin manta ɗanɗanon pasteles ɗin da Mama ke naɗewa a ganyen ayaba. Kuma ranar jana'iza, sanda nake ihu kan taki ɗaya, takardar nan tana cikin akwatinki. Kika dube ni, kika ɗauki jakarki kika fita. Ni da na ɗauka ba ki da amsa ne.

Ban san yadda ake rubuta abin da ya kamata in rubuta a nan ba. Makarantar da na yi ba ta kai nan ba. Ki ɗauka na rubuta.

Talata na koma ofishin da takardar filin da izinin da kika sa wa hannu. Matar ta ce yanzu kwamfuta ta gamsu. Ta juyo min fom. A sama an rubuta mai gida, ta cike da sunanki. A ƙasa an rubuta mazauni, ta nuna min wurin da farce. Mazauni, Yaya, kamar ɗan haya. A gidan da na san adadin bulonsa. Na riƙe biron har ta tambaye ni ko ruwansa ya ƙare ne. Abin da na gani a kan takardar ba layi ba ne, leɓen Iraida na ranar Alhamis ɗin nan na gani. Na sa hannu.

Ta kuma ce an sake wata doka a makon nan: ba miƙa fom kafin ƙarshen wata ba, sai wanda aka amince da nasa kafin ƙarshen wata zai sami batir. Ba kuwa za su amince ba sai sun ga hoton rufi a share.

Jiya da sassafe na hau da injin yanka. Chago ya zo wai zai riƙe min tsani, alhali matakalar siminti gare ni. Ya tsaya a ƙasa daidai inda Baba ya tsaya. Na cire kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfen da na yi shekara talatin ina shafa wa fenti, kowane daƙiƙa goma ya ɗauka. Ciki fes, fari tas kamar jiya aka ƙera. Chago yana ta surutu daga ƙasa, wai in yi a hankali kada in yanke girman kaina tare da su, don an ce a nan yake tsirowa. Na ci gaba da yanka. Can ya daina.

Yaritza ta ce fila biyu na gefen arewa ba sa tare rana, in ina so in bar su. Na bar su. Fila biyu ba sa ɗaukar ɗaki, ni mai gini ne na sani. Amma na bar su.

An aika hoton. Yanzu jira muke. Saura kwana goma sha uku, kuma rediyo ya fara maganar wata iska da ke haɗuwa can cikin teku. Duk sanda firji ya yi shiru sai in ɗauka wuta ce ta tafi.

Ki sa min albarka. Iraida ta ce in gaishe ki, wannan karon da bakinta.

Ƙanenki,
Berto


Jayuya
23 ga Agusta

Yaya Migdalia,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara da jikoki. Ina fata gwiwa ta bar ki kin huta. Da sauri nake rubutu, ƙarfe uku za a rufe gidan waya, kuma ba wanda ya san ranar da za a sake buɗewa. Kin dai gani a talabijin, guguwar jibi ake sa ranta, sun ce ta tsakiyar tsibiri za ta bi.

An amince da fom ɗin ranar talatin ga Yuli, saura kwana ɗaya. Ban rubuto ba don ban so in yi murna batir bai shigo gida ba. Sati uku yana tashar jirgin ruwa, kullum sai Yaritza ta ce min gobe. Har na fara zuwa ofishinsu ina zama a benci. Ta ce, "Don Heriberto, kallon da kake min ba zai sa jirgi ya sauke kaya ba." Na ce mata ba kallonta nake ba, hutawa nake. Ranar Talata suka zo. Faranti goma sha huɗu, batir kuma a bangon kicin, fari, kamar ƙaramin firji. Ƙarafunan da suka kawo na ɗaure farantan ban yarda da su ba, na ƙara nawa, na yi musu walda da kaina a kan guntayen rodinki da suka rage cikin kankare. Yaritza ta duba ta girgiza da ƙarfinta, ta ce sai dai iska ta ɗauki gidan gaba ɗaya. Ashe ke za ki riƙe su.

Jiya da la'asar aka ɗauke wuta, iskar ma ba ta iso ba. Ina kicin ina jera gwangwanayen wake da ruwan sha. Na ji gidajen maƙwabta sun yi tsit, rediyon wani ya mutu a tsakiyar waƙa. Na saki abin da ke hannuna na ruga wajen tukunya kamar yadda na saba. Ina jan ta sai Iraida ta ce, "Tsoho, ina za ka da ita? Saurara." Na tsaya. Injin yana ta ƙuginsa. Ko ɗigon numfashi ɗaya bai tsallake ba. Na zauna a ƙasa gefen kujerarta na jingina kai da akwatin nan mai ɗumi. Ta ce in tashi, ƙato da ni, kada Chago ya shigo ya samu abin faɗa har Kirsimeti.

Ba zan ce miki tsoro ya tafi ba. In hadari ya rufe rana kwana uku ko huɗu, batir zai yi ta sauka. Yaritza ta ce in muka kashe komai muka bar injin da firji kaɗai zai kai mu, ko rana kaɗan ta leƙo zai ɗan cika. Na gyara janareta, na sa sabuwar igiya, na cika tukunya. Na rufe tagogi da ƙarfe. Na hau rufi sau biyar tun safe ina taɓa ƙusoshin da na san na ɗaure. Abin da hannu zai iya na yi, kuma yanzu na san ba hannuna kaɗai ba ne.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa nake gudu zuwa gidan waya. Takardar amincewa da suka ba ni tana manne a jikin batir, duk wanda ya shigo kicin shan ruwa sai ya karanta. Mai gida, Migdalia Maldonado Quiñones. Mazauni, ni. Filin naki ne, ba na ja, da bayanki da gwiwarki kika saye shi. Amma bulon nan ni na ɗora, Yaya. In wani abu ya same ni jibi ko wata shekara, ba na so jikokinmu su buɗe takarda su ga wani mazauni ne ya taɓa zama a nan.

In iska ta wuce, ki zo a Disamba. Ba matakala, ɗakin ƙasa na gaba na share miki, kuma wuta ba za ta ɗauke miki ba. Iraida ta ce za ta zauna ta nuna min yadda ake naɗe pasteles, wai mai walda ba zai kasa ɗaure ganyen ayaba ba. Mu je gaban lauya ni da ke. Sunanki ya zauna a sama inda yake, ban ce a taɓa shi ba. A ƙarƙashinsa a goge kalmar nan, a rubuta nawa cikakke, ba Berto ba, ba tsoho ba: Heriberto Maldonado Quiñones, wanda ya gina gidan. Wannan kam ba roƙo nake ba. A rubuta shi.

Ki sa mana albarka, ki kunna mana kyandir jibi.

Ƙanenki,
Heriberto Maldonado Quiñones